Akwatin Gadin Sito: Ƙarami Ko Babba?

Kaka ta yi, amfani ya shigo gida. Daga yanzu har faɗuwar ruwa, aikin manomi da ɗan kasuwa ya koma tsaron abin da Allah ya ba su. A da, rumbu mai kyau da kare da mai gadi su ne abin dogara. Yanzu an ƙara da kamara, wadda a ke maƙalawa a bango tana kallon ƙofar sito dare da rana. Masu kiwon kaji a bayan gari, da masu sayar da taki da iri, da masu tara hatsi a Dawanau, da yawansu sun sa, waɗansu kuma suna shirin sawa.

Mutumin Kano in ya tashi sayen irin wannan kaya, galibi Fagge da Sabon Gari ya kan nufa. Ba abin mamaki ba ne. Fagge tun fil azal masaukin fatake ne a bayan ganuwa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, ba a daɗe ba aka yanka Sabon Gari don baƙi 'yan Kudu, ma'aikatan jirgi da akawuna da masu kanti. Tun daga sa'an nan, baƙon kaya in ya shigo Kano, can ya kan fara sauka. Yau kuwa titin France Road da kasuwar Sabon Gari cike su ke da kantunan kayan lantarki.

To, mutum ya shiga kanti ya ce yana son kamara huɗu. Yaron kanti zai ɗauko masa kamarorin da wayoyinsu, sa'an nan ya ajiye akwatuna biyu a kan tebur, kamarsu ɗaya, launinsu ɗaya. Zai ce wannan mai tarabait 1 ne, wancan mai tarabait 2, kuɗinsu kuwa ba ɗaya ba. Nan fa mai saye ya kan tsaya yana susar kai. Wani ya ɗauki ƙarami don araha, wani ya ɗauki babba don kada a raina shi, dukansu biyu ba su san abin da suka saya ba. Ga yadda al'amarin ya ke.

Mene Ne Aikin Akwatin?

Kamara ido ce kawai, tana gani amma ba ta riƙewa. Akwatin nan, wanda masu kanti ke kira Di-Bi-Ar, shi ne mai riƙewa. Wayar kowace kamara tana zuwa ta shiga wata kafa a bayansa. A cikinsa akwai faifan ajiya, wani abu kamar ƙaramin littafi na ƙarfe, wanda ke juyawa ba tsayawa, hotuna suna hawa kansa. Girman wannan faifai shi ne bambancin akwatunan nan biyu.

Yadda hatsi ke da mudu da buhu, haka faifai ke da ma'auninsa. Gigabait shi ne mudunsa, tarabait shi ne buhunsa, amma buhu ne mai cin mudu 1,000. Watau mai tarabait 1 yana ɗaukar gigabait 1,000, mai tarabait 2 yana ɗaukar 2,000. In an kunna sabon akwati aka ga ya nuna 931 maimakon 1,000, kada mutum ya ce an cuce shi. Masu ƙera faifai suna ƙirga da dubu-dubu ne, na'urar kuwa tana ƙirga da 1,024, shi ya kawo saɓanin.

Wannan faifai ba sabon abu ba ne. Kamfanin IBM na Amurka ne ya fara fito da shi cikin 1956, zamanin da dalar gyaɗa ke tsaye a Kano. Na farkon nan faranti 50 gare shi, kowanne faɗinsa inci 24, nauyinsa duka kusan tan guda, abin da ya ke ɗauka kuwa haruffa miliyan 5 ne kacal. Mai tarabait 1 na yau, wanda yaro zai sa a aljihun riga, ya ninka shi wajen sau 200,000. Kafin akwatin ya yaɗu, da kaset na bidiyo a ke gadi, irin wanda mutanen Kano suka sani a shekarun 1990, sai an riƙa cire wanda ya cika ana sa wani. Akwatin ɗaukar shirin talabijin a kan faifai ya shiga kasuwar Amurka cikin 1999, na gadi kuma suka yaɗu bayan nan. Yawancin waɗanda a ke gani a kantunan ƙasar nan daga ƙasar Sin su ke zuwa. Manyan kamfanoni biyu masu yin su, Hikvision da Dahua, dukansu a birnin Hangzhou su ke, an kuwa kafa su cikin 2001.

Allo In Ya Cika Sai Wanki

Abin da ya kamata kowa ya fara ganewa shi ne, akwatin nan allo ne. Almajiri in allonsa ya cika, wankewa ya ke yi ya sake rubutu. Haka faifai ke yi. Ranar da ya cika ba ya tsayawa, ba ya kuma gaya wa kowa. Sai ya koma kan hoton da ya fi daɗewa ya shafe, ya ɗora na yau a gurbinsa. Kullum ta Allah yana ƙara kwana ɗaya a gaba, yana zubar da kwana ɗaya a baya.

Don haka tarabait 1 ko 2 ba maganar kyan hoto ba ce. Hoton ƙarami da na babba duk ɗaya ne, tun da kyan hoto daga kamara ya ke da yadda aka saita ta. Abin da mutum ke saye da ƙarin kuɗinsa kwanaki ne, watau kwana nawa baya akwatin zai iya tunawa. In sata ta auku ranar 1 ga wata, ba a farga ba sai ranar 20, akwatin kuwa kwana 11 ya ke riƙewa, to, an yi kwana takwas da wanke allon. Mai kaya zai zauna gaban talabijin ya yi ta dubawa, ba abin da zai gani sai buhunan da suka rage.

Lissafin Kwanaki

Lissafin ba wuya, akawu zai yi shi a bayan ambulan. Kamara irin wadda aka fi saye, mai lamba 1080, in an saita ta a kan megabit 2 cikin sakan guda, tana cin kusan gigabait 22 a kwana ɗaya, dare da rana. Kamara huɗu ke nan suna cin wajen 86, kamara takwas wajen 173. Sai a raba abin da faifai ke ɗauka da abin da kamarori ke ci. Ga abin da za a samu:

Kamara 4, tarabait 1: kwana 11.
Kamara 4, tarabait 2: kwana 23.
Kamara 4, tarabait 4: kwana 46.
Kamara 8, tarabait 1: kusan kwana 6.
Kamara 8, tarabait 2: kwana 11.

A dubi layi na farko da na ƙarshe da kyau. Wanda ya sayi babban akwati ya ɗora masa kamara takwas, kwanakinsa ɗaya da wanda ya sayi ƙarami ya sa huɗu. Gida mai baki takwas, buhu biyu ba ya kai shi inda buhu ɗaya bai kai mai baki huɗu ba. Mutane da yawa nan su ke faɗawa. Su sayi babba, su ga da sauran kafofi a baya, su yi ta ƙara kamara, su zaci har yanzu suna da kwana 23.

Akwai kuma maganar matsi. Akwatin ba ya ajiye hoto yadda ya zo, sai ya matse shi, kamar yadda a ke danne auduga a dila don ta ci wuri kaɗan. Hanyar matsi iri biyu ce a kasuwa. Tsohuwar ana rubuta ta H.264, ta fito cikin 2003. Sabuwar H.265, ta fito cikin 2013, tana kuwa ajiye hoto mai kyau iri ɗaya a cikin kusan rabin wuri. Lissafin da ke sama na sabuwar ne. In akwatin tsohuwar kaɗai ya iya, sai a raba kwanakin nan biyu. Watau mai tarabait 2 na tsohon yayi bai fi mai tarabait 1 na sabon yayi ba sai a nauyin kuɗi. Lambar tana rubuce a jikin kwali, a duba kafin a biya.

Wa Ƙarami Ya Isa?

Ba a kanti a ke samun amsar wannan ba, a sito a ke samunta. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Mutum ya tambayi kansa: in an ɗauki buhu ɗaya yau, kwana nawa zan yi kafin in sani? Amsar da ya bayar, ya ƙara mata mako guda na jinkiri da kai-komo, ita ce kwanakin da ya ke bukata.

A ɗauki mai kiwon kajin ƙwai. Kullum da yamma ana ƙirga kiret, ana rubutawa a littafi, abincin kaji kuma an san buhu nawa ke fita a rana. In kiret biyar suka ɓace ranar Talata, kafin Alhamis littafi ya tona. Irin wannan mutum kwana 11 sun ishe shi har da saura, ba shi da dalilin biyan kuɗin babba. Haka mai kantin iri da maganin feshi a Fagge, wanda shi da kansa ke buɗewa da safe ya rufe da magariba. Haka mai injin niƙa ko na casar shinkafa da ke yin lissafi da yaransa kowace Jumma'a.

Sai kuma ɗan kasuwar da ya sayi masara da dawa da wake da kaka, ya zuba a sito ya sa kwaɗo, yana jiran damina ko farashi zai motsa. Wannan ba ya ƙirga buhu kullum. Ya kan leƙa, ya ga tsibi yana nan tsaye, ya ja ƙofa ya tafi. Ɓarawon sito kuwa, in ya san wurin, ba daga gaba ya ke ɗauka ba. Daga baya ya ke zarewa, ko daga tsakiya, ɗaya yau, biyu jibi, fuskar tsibin tana nan yadda ta ke. Wani ma ba ya ɗaukar buhu, sai ya soka bututu ya tsiyaye kwano biyu daga wannan, uku daga wancan. Ba a ganewa sai ranar da mota ta zo lodi, aka ƙirga aka auna. Wannan ɗan kasuwa ƙarami ba zai yi masa kome ba. Babban ma na kwana 23 ba zai ishe shi ba, sai in ya ɗaure wa kansa ƙirga kowane mako biyu.

Akwai ma'aikaci ko akawu da ke zaune cikin birni, gonarsa tana wajen Kura ko Kadawa, ga injin ban ruwa da taki a ɗaki, ba ya zuwa sai ƙarshen wata in an yi albashi. Kwana 30 ke nan tsakanin zuwa da zuwa. Akwai kuma mai tafiya aikin Hajji, wanda ya kan yi wata guda ko fiye ba ya gida. Waɗannan biyu, cikin akwatunan da aka ajiye musu a tebur babu wanda ya kai. Sai dai su nemi a sa musu faifai mai tarabait 4, ko su rage kamara, ko su bi dabarar da za a faɗa nan gaba.

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Amma ranar nan ɗaya tilas ta faɗo cikin kwanakin da akwatin ke tunawa, in ba haka ba ita ma ta ɓarawo ce.

Dabarar Motsi

Kusan kowane akwati ana iya saita shi ya daina ɗaukar hoto sai in wani abu ya motsa a gaban kamara. A cikin sito mai rufi, wanda ba a buɗewa sai jifa-jifa, wannan dabara tana da amfani ƙwarai. In motsin da a ke yi a wurin bai wuce sa'a uku a yini ba, kamarar za ta ci kashi ɗaya cikin takwas na abin da ta saba ci. Faifan da ke cika cikin kwana 11 sai ya kai kusan wata uku. Ga mai ajiyar hatsi wannan ya fi ƙarin tarabait amfani, ba kuma ko kwabo da zai biya.

Amma fa dabarar ba ta ci a ko'ina. A ɗakin kaji motsi ba ya yankewa, don haka akwatin zai yi ta ɗauka kamar ba a saita shi ba. A waje kuma ganyen darbejiya in iska ta kaɗa shi motsi ne. Da dare kamara tana fitar da wani haske wanda idon mutum ba ya gani sosai, ƙwari kuwa suna taruwa a bakinta, gizo-gizo ya zo ya yi saƙa a nan don ya kama su. Duk wannan akwatin motsi ya ke ɗaukarsa. Saboda haka abin da ya fi shi ne a raba aiki. Kamarar ƙofar waje ta riƙa ɗauka ba tsayawa, na cikin sito su jira motsi. A kuma riƙa share bakin gilashi da tsumma mai laushi kowane mako, balle da hunturu.

In an gama saitawa, a bar akwatin ya yi aiki har ya cika, sa'an nan a koma baya a ga wace rana ce mafi daɗewa da ya riƙe. Wannan shi ne ainihin kwanakinsa a wannan wuri. Gani ya kori ji. A rubuta adadin a takarda a manna kusa da littafin sito, don ranar ƙirga kada ta wuce shi.

Ba Wuta, Ba Gadi

Kome girman faifai, in wuta ta ɗauke akwatin ya mutu, kamarori sun makance. Ɓarawo kuwa shi ma ya san lokacin da unguwa ta yi duhu. Kowa ya san wutar layi ba abin da za a jingina tsaron dukiya a kanta ba ne, gonaki da yawa ma layin bai kai gare su ba sam.

Ga lissafin wannan kuma. Akwati da faifansa da kamara huɗu suna shan wajen wat 40 in dare ya yi. Batir mai bolt 12 da amfiya 100, irin na ruwa, yana riƙe wat 1,200 na sa'a guda, amma rabi kaɗai a ke sha in ana so ya yi ƙarko. Rabin nan 600 ne, in an raba da 40 sa'a 15 ke nan. Watau batir ɗaya lafiyayye zai raka akwatin daga magariba har hantsi, muddin akwai farantin sola ko wutar layi da za ta cika shi da rana.

Don haka wanda kuɗinsa bai kai ya haɗa babban akwati da batir ba, ya ɗauki ƙarami ya sayi batir. Kwana 11 cikakku sun fi kwana 23 masu giɓi kowane dare. Har ila yau, ɗaukewar wuta ba zato tana cikin abubuwan da ke kashe faifai, tun da yana cikin rubutu a ke katse shi.

Abin Dubawa A Kanti

Sau da yawa akwatunan nan biyu ƙirarsu ɗaya ce, faifan ciki kawai ya bambanta, wani lokaci ma a nan kantin a ke sa shi. To, in haka ne, wanda ya sayi ƙarami bai rufe wa kansa ƙofa ba. Baɗi in Allah ya hore, ya cire faifan ya sa babba. A jikin kwali ko cikin takardar akwatin an rubuta iyakar girman faifan da ya ke karɓa, a duba. Abin da ba a iya ƙarawa shi ne kafar kamara. Mai kafa huɗu, huɗun ke nan. Wanda ke da niyyar faɗaɗa gona ko ƙara sito gara ya sayi mai kafa takwas tun yanzu, ko da ƙaramin faifai ne a ciki.

Kada mutum ya ji nauyin cewa a kwance akwatin a gabansa ya ga faifan da idonsa. Faifai iri biyu ne. Akwai na kwamfutar ofis, wanda aka yi don ya yi aiki da rana ya huta da dare. Akwai wanda aka yi musamman don gadi, mai jure rubutu ba hutu, kamar Purple na kamfanin Western Digital da SkyHawk na kamfanin Seagate. Sunan yana rubuce a bayansa. Akwai kuma faifai na hannu, wanda ya gama aiki a wata ƙasa aka kwaso shi. Kowane faifai yana ƙirga sa'o'in da ya yi yana juyawa, akwatuna da yawa kuma suna nuna wannan adadi. Shekara guda sa'a 8,760 ce. In an ce sabo ne, ya kuwa nuna sa'a 20,000, to, ya yi shekara biyu da 'yan watanni yana bauta a wani gida. Sabon mai tarabait 1 ya fi gajiyayyen mai tarabait 2. Araha ba ta ado.

Game da kuɗi, kayan nan duk daga waje su ke zuwa, farashinsu dala ya ke bi, balle tun da aka saki naira cikin watan Yuni na 2023. Abin da aka faɗa a wannan mako ba lalle ya kai mako mai zuwa ba. Sai mutum ya taya a kanti uku ko huɗu. Galibi faifai mai ninki biyu kuɗinsa bai kai ninki biyu ba. Hanyar aunawa kuwa ita ce, a mai da bambancin kuɗin zuwa buhu. In tsakanin ƙarami da babba bai wuce kuɗin buhun masara ɗaya ba, sito kuwa yana ɗauke da buhu 300, maganar ta yanke kanta. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar akwati da ta faifai da watannin garanti.

Inda Za A Ajiye Shi

Ɓarawon yanzu ya waye. In ya ga kamara, abin da zai fara nema akwatin ne, ya saɓa ya tafi da shaidar duka. Kada a ajiye shi a kan tebur kusa da ƙofa. A sa shi a wani ɗaki dabam mai kulle, ko a keji na ƙarfe can sama, a kuma ɓoye wayoyin cikin bututu don kada su nuna hanya.

Amma a ɓoye shi inda iska ke shiga. Zafin Kano na watan Afrilu ya kan haura digiri 40 a inuwa, ƙarƙashin kwano kuwa ya fi haka nesa. Faifai ba ya shiri da zafi, ba ya shiri da ƙura. Ƙurar hunturu da ta sussuka da ta dusa su kan toshe kafofin iskar akwatin. A riƙa hurewa. Ɓera kuma abokin sito ne, yana son waya kamar yadda ya ke son gyaɗa.

Sai maganar gobara. Mutanen Kano ba su manta da wutar da ta tashi a kasuwar Sabon Gari cikin watan Maris na 2016 ba, wadda ta cinye dubban shaguna. Akwatin da ke ɗaki ɗaya da kaya, in wuta ta ci kaya da shi za ta haɗa. Wanda ke da hali ya ja waya ya kai shi wani gini.

In Abu Ya Faru

Ranar da aka ga ɓarna, abu na farko shi ne a kwafe hoton wannan rana a filashi, tun allo bai wanku ba. A yi kwafi biyu. Mutane su kan tafi kai ƙara, a yi ta ɗage zama, ran da aka ce a kawo shaida akwatin ya riga ya shafe ta.

Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011, sashe na 84, ta yarda a karɓi abin da na'ura ta ɗauka a kotu, amma sai an kawo takardar tabbatar da cewa na'urar tana aiki daidai a lokacin. Don haka agogon akwatin ya zama daidai kullum. Hoton da ya nuna wata shekara dabam, lauyan wanda a ke ƙara zai yi wasa da shi. A kuma sake kalmar sirri tun ranar da mai haɗawa ya gama aikinsa, mai kaya kaɗai ya san sabuwar. Wanda ya san kalmar yana iya shafe faifan duka cikin minti ɗaya.

Akwai wani amfani da ba a cika faɗa ba. In buhu ya ɓace ba shaida, wanda a ke fara kamawa mai gadi ne, ko ƙaramin yaron sito, wanda ba shi da mai tsaya masa. A kore shi, sunansa ya ɓaci a unguwa, alhali wataƙila mai ɗaukar yana cikin masu rantsuwa a kansa. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Akwatin da ya riƙe kwanakin da a ke bukata yana kama mai laifi, yana kuma wanke marar laifi. Saboda haka a gaya wa ma'aikata a fili an sa kamara, mai gaskiya ba zai ƙi ba. Kada kuma a juya bakinta ta leƙa tsakar gidan maƙwabci ko makewayi, wannan cin haƙƙi ne.

To, jama'a su lura. Mai ƙirga kayansa kullum ko mako-mako, da kamara huɗu, ƙarami ya ishe shi, sauran kuɗin ya sa a batir. Mai ƙirga kowane mako biyu, ko mai kamara takwas, ya ɗauki babba. Mai yin wata bai leƙa ba ya nemi wanda ya fi su, ya kuma saita na cikin sito su jira motsi. Kowanne mutum ya ɗauka, littafin sito da ƙirgar buhu suna nan a wuyansa, gama akwatin ba ya ƙirga, ba ya kuma kiran kowa. Allah ya tsare dukiyar manoma, ya sa a ci amfanin bana lafiya.